Yadda Ake Duba Tsohon Bugun Littafi Kafin a Saya: Misali da Mai Ɗawisu na 1894

Kawuna baduku ne, gafaka da tadarishi yake yi wa malamai, kuma a gabansa na fara ganin mutum ya karɓi littafi ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shinshina, tun bai buɗe ko warƙa ɗaya ba. Da na girma na kama aikin ɗinkin littattafai a ɗakin karatu, sai na tarar littafin Bature ma haka yake so a yi masa. Namu na zaure fallaye ne a sake, a jera su tsakanin tadarishi a ɗaure. Nasu ɗinkakke ne, an manne shi da bango, don haka wuraren da zai lalace sun fi yawa, wuraren da mai sayarwa zai ɓoye maka aibi ma sun fi yawa.

Zan yi bayanin ne da littafi guda da na sani ciki da bai, domin yana kan kantata shekara da shekaru. Labarin Jane Austen ne mai suna Pride and Prejudice, wanda aka fara bugawa a 1813 cikin juzu'i uku. Bugun da nake magana a kai shi ne na George Allen na Landan, 1894, wanda Hugh Thomson ya yi wa zane 160. Masu tara littattafai suna ce masa mai ɗawisu, saboda ɗawisun zinare da ya baza jela ya cika bangon. Abin da zan faɗa a kansa zai yi maka aiki a kusan kowane littafin labari mai bangon yadi na ƙarshen ƙarni na 19.

Abu na farko, tun kafin ka miƙa hannu, ka san abin da ya kamata a ce kana riƙe da shi. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami, domin ɗawisun biyu ne. Kamfanin Macmillan ma ya fitar da jerin tsofaffin labarai da bango mai ɗawisu, zanen A. A. Turbayne, kuma nasu bugun wannan labari na 1895 C. E. Brock ne ya yi masa hotuna. Thomson ya yi wa Macmillan sauran labaran Austen daga baya, amma ba wannan ba. Na Macmillan ma littafi ne mai kyau, sai dai ba shi ne na George Allen ba, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Na George Allen, shafin take da hannu aka zana haruffansa, yana ɗauke da adireshin Ruskin House a titin Charing Cross, akwai gabatarwar George Saintsbury, kuma maɗaba'ar Chiswick ce ta buga shi, sunanta na ciki. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa, ka tsaya ka yi tambaya.

Ka kuma san cewa littafin ba abin sarakuna ba ne. Sule shida aka sayar da shi, a daidai shekarar da kasuwar labari mai juzu'i uku na sule talatin da ɗaya da sisi ta fara rushewa a Ingila. Zuwa 1907 an sayar da kwafi wajen 25,000. Ke nan ba ƙarancinsa ne ke sa shi tsada ba, samun wanda ya kai yau da lafiyarsa shi ne wuyar. Saboda haka duk binciken da za ka yi, na lafiya ne.

To, ka wanke hannu, ka bushe shi sosai. Kada ka sa safar hannu, tana kashe jin yatsa, kuma da ita aka fi yaga takarda. Ka shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a tebur, ka ɗora littafin a rufe.

Bangon yadi ne kore mai duhu ƙwarai, wanda a hoto yakan fito kamar baƙi. Ɗawisun yana tsaye a kan wani tulu na ado, gashin jelarsa ya bazu ya rufe fuskar bangon, gadon bayan littafin ma an yi masa ado irin na gashin. Ba da buroshi aka shafa wannan zinare ba. Hatimi ake sassaƙawa a tagulla, a ɗumama shi, a shimfiɗa fallen zinare wanda ya fi fatar albasa siranta a kan yadin, sai injin matsi ya danna. Inda hatimin ya taɓa zinare ya kama, sauran a share. Turawan Ingila sun fara sa wa littafi bangon yadi a shekarun 1820, suka gano yadda za su buga masa zinare a farkon shekarun 1830, kafin 1894 kuwa sun gwanance har hatimi guda yana fitar da ɗaruruwan siraran layuka ba tare da sun cakuɗe ba.

Yadda za ka duba shi: kashe fitilar sama, ka kunna tocila, ka kwantar da haskenta a gefe, ya bi fuskar bangon a kwance. Zinaren asali yana zaune ne a cikin ɗan rami, kowane layi ya nutsa a yadin, kuma gefensa a tsaye yake. Inda wani ya bi da alƙalamin ruwan zinare don ya cike gurbin da ya goge, za ka ga abin ya hau saman yadin, ya yi kauri, launinsa ya yi dishi-dishi. Wannan hasken na kwance shi zai nuna maka inda ruwa ya taɓa zuba yadi ya kumbura, da inda aka shafa tawada a kusurwa don a ɓoye kwalin da ya leƙo. Ka kwatanta launin gadon baya da na fuskar bango. Gadon baya shi ke kallon haske a kanta shekara ɗari da ɗoriya, don haka ɗan dusashewa ba laifi ba ne. Ni idan na ga ya fi fuskar sabunta ma, nan hankalina ke tashi. Sai ka dubi samansa da ƙasansa, inda yatsu ke kamawa a jawo littafi. Nan ne yake fara tsagewa.

Bakin takardun, sama da gaba da ƙasa, duk zinare aka yi musu. Ba ado kaɗai ba ne, yana toshe ƙofar ƙura. Ka matse littafin a rufe ka duba: ya kamata bakin ya zama sumul kamar ƙarfe guda. Idan wasu fallaye sun turo kai sun wuce 'yan uwansu, ɗinki ya saki a ciki, ko an cire su an mayar.

Wata magana a kan koren yadi, tunda mun zo wurin. Masu bincike a gidan tarihi na Winterthur a Amurka sun gano cewa wasu littattafan ƙarni na 19 masu bango kore shar, musamman na shekarun 1840 zuwa 1860, da launi mai guba aka rina yadinsu. Wannan kore ne mai haske, ba irin duhun na mai ɗawisu ba. Duk da haka ka ɗauki ɗabi'a: ba a lasar yatsa a buɗe tsohon littafi, ba a cin abinci a kansa, kuma a wanke hannu bayan an gama.

Yanzu ka ɗaga bangon gaba a hankali, kana tallafe da shi da tafin hannu, kada ka bari ya faɗi ya bugi tebur. Nan ne zuciyar aikin. Irin wannan littafi, daban ake haɗa bangonsa, daban ake ɗinka cikinsa, sannan a aurar da su. Abin da ya riƙe auren ɗan kaɗan ne: wani yadi mai raga-raga da aka manna a bayan ɗinkin, da takardar da aka liƙa a cikin bango. Duk nauyin shafi sama da 470 a wannan gaɓa yake rataye. Ka duba lungun da bango ya haɗu da ciki. Idan takardar ta tsage kana hango raga, gaɓa ta fara saki, amma ana iya zama da ita in an lallaɓa. Idan cikin littafin yana lilo, ya zame ƙasa ya bar bango, aikin ya yi nisa.

Abin da ya fi tsagewa haɗari shi ne gyaran da aka ɓoye, kuma a nan aka taɓa cuta ta. Kwafina na farko daga hannun wani dillali na saye shi ta hoto. Da ya iso, bangon lafiya lau, amma da na buɗe sai na ji ya yi tauri kamar sabon takalmi, takardar cikin bangon kuma fara fat, alhali ta asali mai duhu ce da ta dace da yadin. An cire cikin, an zuba masa gam irin na kafinta a baya, an mayar. Cikin wata biyu fallayen farko suka fara karyewa a daidai bakin gam ɗin, domin takarda ta rasa inda za ta lanƙwasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kuɗin kaɗai ba, don littafin ya rayu fiye da shekara ɗari lafiya, rana ɗaya aka kashe shi da sunan gyara. Tun daga nan, in ta hoto zan saya, sai an turo mini hoton cikin bango gaba da baya, da hoton littafin a buɗe a tsakiya, an ɗauka daga sama, yadda zan ga ko gadon baya yana buɗe ɗan kogo tsakaninsa da ɗinkin. Wannan kogon alamar lafiya ce.

Daga nan sai ƙirga. Ba falle-falle ake buga littafi ba. Babbar takarda ake buga wa shafuka da yawa, a ninka ta, a irin wannan girman galibi ninki guda ya ba da falle 8, wato shafi 16. Don kada mai ɗinki ya rikice, maɗaba'a takan sa ƙaramin harafi a ƙasan shafin farko na kowane ninki, B, C, D, har zuwa ƙarshe, in haruffa sun ƙare a koma da su bibbiyu. Maɗaba'un Ingila sun saba tsallake J da W da ɗaya daga cikin U da V, don haka kada ka ga babu su ka ce an cire wani abu. Ka bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya, kada ka gaji. A tsakiyar kowane ninki za ka ga zare. In ka duba wuri uku huɗu ba ka ga zare ba, an yanke bayan an maye shi da gam, ka ajiye littafin ka yi sallama.

Ka duba shafin take da bayansa, da fallen ƙarshe, don shekarar bugu. An sake buga littafin sau da yawa bayan 1894 da bango iri ɗaya. A ƙasan hotuna da yawa akwai ɗan rubutun haƙƙin mallaka mai ɗauke da 1894 da sunan George Allen, kuma dillalai sukan nuna shi a matsayin hujjar bugun farko. Ba hujja ba ce. Rubutun yana tare da hoton, duk lokacin da aka sake bugawa zai sake fitowa.

Takarda kuwa, hanci ne ke fara yi mata hukunci. Tsohuwar takarda mai lafiya tana da ɗan ƙamshi mai daɗi. Warin ɗaki mai laima yana nufin fumfuna, kuma fumfuna tana yaɗuwa zuwa maƙwabta a kanta. Ɗigo-ɗigon ja-ja da ke fitowa a fallayen farko da na ƙarshe abu ne da aka saba gani, in bai yi yawa ba a haƙura da shi, kada a ce za a wanke. Ka shafa bayan shafi da cikin yatsa: haruffan dalma da aka danna sukan bar ɗan tudu da ake ji. Bugun zamani da aka kwafa daga hoto sumul yake.

Sai hotuna, inda na fi daɗewa ko da ba saye zan yi ba. Hugh Thomson mutumin Coleraine ne a arewacin Ayalan, an haife shi 1860, ya rasu 1920, kuma ya zo a daidai lokacin da sana'ar ta sauya. Kafin zamaninsa, mai zane ya yi zanensa, sai wani gwani daban ya sassaƙa shi a katako, abin da mai karatu ke gani hannun masassaƙi ne. A zamanin Thomson kuwa hoton zanen ake ɗauka, a mayar da shi kan farantin tutiya, ruwan asid ya cinye duk inda babu layi, layin ya rage a tsaye. Sai a kafa farantin a katako daidai tsayin haruffa, a buga su tare a lokaci ɗaya. Wannan hanya ba ta san toka-toka ba, baƙi ne ko fari. Duk inuwar da ka gani a fuskar mutum ko a labule, da siraran layukan alƙalami ya yi ta, wani kusa da wani.

Sanin wannan zai yi maka amfani ta hanya biyu. Na ɗaya, ka sa gilashin ƙara girma a kan kowane hoto. Layin asali baƙi ne tsantsa mai kaifin gefe. In ka ga ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo, fallen na zamani ne aka cusa. Na biyu, tunda hotunan tare da rubutu aka buga su, ba a iya zare su ba tare da an zare shafi ba, don haka ƙirgar shafi ta wadatar. Wannan ya bambanta da littattafan da suka girme shi, masu hotunan farantin ƙarfe da ake bugawa a takarda daban mai kauri a liƙa. A waɗannan za ka ji sawun gefen farantin ya kewaye hoton, kuma sai ka bi jerin hotuna na farkon littafi kana ƙirgawa, domin su ne ɓarayi suka fi yankewa su sa a firam. A mai ɗawisu, wanda za ka tabbatar yana nan shi ne hoton da ke fuskantar shafin take, tare da 'yar takarda shara-shara da ke kare shi.

In ka gama aikin ɗan sanda, ka zauna ka kalli yadda aka tsara shafi, domin a nan ne littafin ya fi burge ni. Cikin 160 ɗin nan, ba duka ba ne manyan hotuna. Akwai zanen kan babi, akwai harafin farko na babi da aka yi wa ado da 'yan mutane ƙanana, akwai zanen da ke rufe babi in an sami fili a ƙasa. Hotunan da yawa ba su da iyaka ta layi, sun tsaya a farar takarda kawai, rubutu ya matsa musu. Nauyin layin Thomson kuma bai fi na haruffan ba, shi ya sa in ka lumshe ido ka kalli shafi biyu a buɗe, ba abin da ya danne wani. Ya sa wa mutanen tufafin zamanin marubuciyar, 'yan mata da riguna masu ɗamara a ƙarƙashin ƙirji, maza da kwat mai jela, wato ya koma baya shekara tamanin ya yi wa masu karatun 1894 hoton kakanninsu. A ganina ya fi gwaninta a kan masu abin dariya, uwa mai neman wa 'ya'yanta biyar miji, da limamin coci mai fadanci, fiye da kan masoyan biyu, waɗanda wani lokaci yakan yi su kamar 'yan tsana. Ɗawisun kuwa zaɓi ne da ya dace, domin labarin girman kai ne, mu ma nan in mutum ya cika taƙama da shi muke misali.

Za ka ci karo da kwafin da aka cire wa yadi aka yi masa bangon fata. Wasu aikin gwanaye ne, kuma akwai abin alfahari a ciki gare mu: fatar jar akuyar ƙasar Sakkwato tana cikin fatun da maɗinkan littattafai na Ingila suka fi daraja, saboda ƙarko da kyan ido. Amma ga wannan littafi musamman, bangon shi ne rabin darajarsa. Na gwammace yadin asali mai ɗan rauni a kusurwa da fata sabuwa fil.

In Allah ya sa ka saya ka kawo shi gida, yanayinmu ne abokin gaba na farko. Hunturu yana busar da gam da kwali har bango ya bankare, damina ta zo ta jiƙa shi ya kumbura, wannan kai da komo shi ke karya gaɓa. Kyankyaso yana son sitacin da ke cikin yadin, cikin dare ɗaya zai kankare fuskar bango ya bar fari-fari, gara kuma ba sai na faɗa ba. Ka yi masa akwatin kwali daidai jikinsa, ka ajiye a kantar da ba ta jingina da bangon ɗaki na waje ba, nesa da taga, a ɗaga shi daga ƙasa kamu biyu ko fiye. Kada ka ɗaure shi a leda, tana tara gumi. Kada ka fesa masa maganin sauro, kada ka shafa wa yadin mai ko ruwa. Ƙura da busasshen buroshi mai laushi ake share ta, littafin a matse, daga gadon baya zuwa waje.

Salatif kuwa haramun ne a kansa. Bayan 'yan shekaru ledar za ta faɗi, gam ɗin ya nutse a takarda ya bar tabon da ba ya fita. Falle in ya yage, da kunun sitacin alkama da siririyar takardar Japan ake kama shi, domin ana iya warwarewa da ɗan danshi in an sami wanda ya fi ka iyawa. In ba ka taɓa yi ba, ka bar yagar yadda take, ka sa littafin a akwatinsa. In bango ya rabu, ka ɗaure shi da faffaɗan zaren auduga mai laushi, kullin ya zauna a bakin takardu, ba a kan zinare ba.

Wajen ɗaukowa daga kanta, ka tura na dama da na hagu baya kaɗan, ka kama shi ta tsakiya. Wajen karatu kada ka shanya shi a tebur. Ni matashi biyu ƙanana nake sawa, ɗaya ƙarƙashin kowane bango, ya buɗe kamar rehal ɗin karatu, in juya falle daga kusurwar sama. A haka nake karanta babi ɗaya ko biyu bayan la'asar, lokacin da hasken taga ya kwanta yana bin layukan alƙalamin, sannan in mayar da shi akwati kafin magariba.